Yadda ake shirya kare ko kyanwa don tiyatar hana haihuwa, da jinyar gida bayan an dawo

Cikin ayyukan da ake yi a asibitin ƙananan dabbobi, fiɗiyar namiji da cire mahaifar mace su ne tiyatar da aka fi yawan yi. Aikin kan tebur ba ya cin lokaci: muzuru mintuna kaɗan ne, namijin kare minti 15 zuwa 30, karya kuwa takan kai awa ɗaya ko ta ɗan wuce idan babba ce mai kitse. Yawancin matsalolin da ke dawo da dabba asibiti suna farawa ne daga abin da ba a duba ba kafin a sa mata barci, ko kuma daga sakacin kwana 14 na farko a gida. Dukansu biyun suna hannun mai dabba.

Wanda zai yi aikin

Likitan dabbobi mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya shi ne ya kamata ya riƙe wuƙa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na jihohi da masu zaman kansu. Kafin ka amince, tambayi abu uku: da me za a sa dabbar barci, za a sa mata allurar ƙarin ruwa a jijiya yayin aikin ko a'a, kuma wa za ka kira idan wani abu ya taso da dare. Duk wanda ya ce zai zo ya yi wa karyarka tiyatar ciki a tsakar gida bisa tabarma, ka sallame shi. Haka nan dandaƙa irin wadda ake yi wa bunsuru da rago, ko ɗaure maraina da roba, ba a yin su ga kare da muzuru. Fatar wurin takan ruɓe, ga azaba, ƙarshe sai an yi tiyatar da ta fi ta farko girma.

Lokacin da ya dace

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, don haka ba a jan lokaci da ita. Da ta kai wata 4 ko 5 ana iya yi mata. Ƙananan nau'o'in karnuka da karen gida matsakaici ana yi musu daga wajen wata 6. Manyan nau'o'i irin su Alseshan, Rotwaila da Bowabul an fi so a bar su ƙashinsu ya gama girma, wato shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi, saboda gaɓoɓinsu.

Ga karya akwai wani lissafin daban. Takan shiga neman barbara kusan kowane wata 6 ko 7, abin yana ɗaukar mako 2 zuwa 3. A wannan lokacin jijiyoyin jinin mahaifa sun kumbura, naman wurin ya yi laushi, zare yana iya yanka shi maimakon ya riƙe, don haka zubar jini ta fi yawa. A jira wata 2 zuwa 3 bayan jinin da take fitarwa lokacin neman barbarar ya ɗauke. Wadda ta haihu kuma a bari ta yaye 'ya'yan, nono ya ƙafe, tukuna.

Akwai halin da ba a jira ko kwana ɗaya. Idan karya, musamman wadda ta manyanta, ta fara shan ruwa fiye da kima mako 4 zuwa 8 bayan gama neman barbara, ta daina cin abinci, tana amai, ciki ya ɗan tasa, to a yi zargin mahaifarta ta tara mugunya. Wani lokaci mugunyar tana fitowa ta gaba mai wari, wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin komai, kuma wannan na biyun shi ya fi kisa. Maganinsa cire mahaifar cikin gaggawa. Allurar tsarin iyali ta mutane da wasu ke yi wa karya ko kyanwa don hana ta ɗaukar ciki tana daga cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo, kuma tana iya kumbura nonon kyanwa ƙwarai. Idan an taɓa yi wa dabbarka ita, faɗa wa likita ko da an daɗe.

Makonni biyu kafin ranar

Rigakafi ya zama an kammala shi aƙalla mako 2 kafin tiyata. Asibiti wuri ne da marasa lafiya ke shiga, kuma ƙwayar cutar gudawar jini ta kwikwiyo, wadda ake kira fabo, tana daɗewa watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Allurar haukan kare ana fara ta daga wata 3. A ba da maganin tsutsar ciki, a kuma yi maganin kaska da ƙuma da wanda likita ya zaɓa. Kada a shafa wa kyanwa maganin kaskar kare. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Awon jini, inda mutane suka fi son rage kuɗi

A nan ne ya kamata a tsaya. Kare mai yawo a tsakar gida a ƙasarmu da wuya a ce kaska ba ta taɓa cizonsa ba, kuma kaskar kare mai launin ƙasa tana ɗauke da cututtuka biyu da ke da ruwa da tsaki a tiyata. Ɗaya, babesiya, tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kare ya rasa jini, dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu. Ɗayar, elikiya, tana rage ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Wannan ta biyun ita ce mai yaudara: kare yana cin abinci, yana haushi, yana gadi, ba ka ganin komai sai wataƙila haɓo jefi-jefi ko ɗigo-ɗigon ja a fatar ciki da dasashi. Sai an yanka fata jini ya ƙi tsayawa.

Saboda haka abu biyu ne mafi ƙaranci da za a auna. Na farko yawan jajayen ƙwayoyin jini, wanda a kare lafiyayye yake tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari, a kyanwa kuma wajen 30 zuwa 45. Idan na kare ya sauka ƙasa da 30, likita yakan ɗage duk tiyatar da ba ta gaggawa ba har a gano dalili. Na biyu ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda a kare ya kamata su kai wajen 200,000 zuwa 500,000 a kowace maikirolita, wato ma'aunin ɗan mitsitsin ɗigon jini. Ana kuma shafa ɗigon jini a gilashi a duba da madubin likita ko za a ga ƙwayar cutar. Dabbar da ta wuce shekara 7 a ƙara mata awon hanta da ƙoda, domin su ne ke fitar da maganin barci daga jiki. Idan sun yi rauni dabbar takan daɗe ba ta farka ba.

Idan aka sami elikiya, maganinta doksisaikilin ne na kwana 28, sannan a sake awo kafin a sa ranar tiyata. Wata guda ne aka rasa, ba wani abu ba. Babesiya kuma allura ce da likita ke aunawa daidai da nauyin kare. Kada ka sayi Berenil na shanu a kasuwa ka yi masa da kanka: tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkar da kare da wanda ke lalata masa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce.

Akwai wani ciwon da ya kamata a duba a karnukan da ke fita yawo. Tsiro ne ja mai kama da farin kabeji a gaban kare ko karya, mai ɗigar jini, wanda suke ɗauka wajen barbara. Fiɗiya ba ta warkar da shi. Allurar binkiristin ake yi a jijiya mako-mako, yawanci sau 4 zuwa 6.

Daren jajibiri da safiyar ranar

Maganin barci yana sassauta maƙogwaro, idan akwai abinci a ciki dabba na iya amai ya koma huhu, ya zama ciwon huhu mai wuyar magani. Shi ya sa ake hana abinci. Yawancin asibitoci suna cewa a ɗauke kwano tun dare, awa 8 zuwa 12 kafin aiki. Wasu yanzu sun rage zuwa awa 4 zuwa 6 ga dabba lafiyayya. Bi abin da likitanka ya faɗa, domin ya san maganin da zai yi amfani da shi. Kwikwiyo ko ɗan kyanwa ƙarami da bai kai kilo 2 ba, ba a barinsa da yunwa fiye da awa 1 zuwa 2, sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri. Ruwa kuwa a bar musu har zuwa safiya, balle a watannin Maris zuwa Mayu.

Hana abinci ba ya yiwuwa sai an kulle dabbar. Kyanwar da ta kwana a waje ba ka san ɓeran da ta ci ba, kare kuma yara kan jefa masa ɗumame da safe don tausayi. A sanar da kowa a gidan. Idan duk da haka ya ci wani abu, faɗi gaskiya a asibiti. Ɗage aikin da awa kaɗan ya fi sauƙi.

A yi wa kare wanka kwana ɗaya kafin ranar, don bayan tiyata sai ya yi mako 2 ba wanka. Kada ka aske wurin da kanka, reza tana barin ƙananan yanka da ƙwayoyin cuta ke zama a ciki. A zagaya da shi ya yi fitsari da kashi kafin a shiga mota. Kare ya zo da igiya da takunkumi idan mai cizo ne, kyanwa kuma a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba a buhu ba, ba a hannu ba. Ka zo da katin rigakafi da duk maganin da dabbar ke sha.

Abin da ke faruwa a ciki

Ana auna nauyi, domin kowane magani bisa kilo ake lissafa shi. Ana duba zafin jiki, wanda a kare da kyanwa yake tsakanin digiri 38 da 39.2, a saurari zuciya da huhu. Sai allurar kwantar da hankali da ta kashe zafi, sai a sa ƙaramar roba a jijiyar ƙafar gaba. Wasu asibitocin suna aiki da allurar zailazin da ketamin, waɗanda suka fi kayan aiki kuma suna zura bututu a maƙogwaro su ba da iskar aisofuloren haɗe da oksijin, wadda ta fi sauƙin sarrafawa a doguwar tiyata.

A mace ana tsaga tsakiyar ciki daga ƙasan cibiya, a ɗaure jijiyoyin gidan ƙwai na dama da na hagu, a ɗaure gindin mahaifa, a cire su gaba ɗaya. Ana rufewa hawa uku: bangon ciki, naman ƙarƙashin fata, sai fata. Hawan farko shi ke riƙe hanji, kuma shi ne ba ka gani. A kyanwa wasu likitocin suna shiga ta gefen ciki. A namijin kare ana yanka gaban jakar maraina a fito da 'ya'yan biyu. A muzuru ana ɗan tsaga jakar kanta, kuma ba a ɗinkewa. Idan ɗan maraina ɗaya ne ya sauko, ɗayan yana cikin ciki ko matsematsi, dole a nemo shi, domin wanda ya maƙale ya fi saurin zama daji. Wannan aikin ya fi tsada, ka sani tun kafin a fara.

Daren farko a gida

Dabbar za ta dawo tana tangaɗi, ido a lumshe, wataƙila tana rawar ɗari, saboda maganin barci yana saukar da zafin jiki. A kwantar da ita a ɗaki mai tsabta bisa tsohon bargo ko kwali, a ƙasa, ba kan kujera ko wurin da za ta faɗo ba. Lokacin hunturu a rufe ta. Lokacin zafi a nemi inuwa da iska, kada a bar ta a kejin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano. A raba ta da yara da sauran dabbobi, domin mai magagin barci yana iya cizon wanda ya sani.

Idan ta iya tsayawa da ƙafafunta a ba ta ruwa kaɗan. Idan ba ta amayar da shi ba bayan awa ɗaya, a ba ta rabin abincin da ta saba, mara mai. Ƙin ci a daren farko ba abin damuwa ba ne. Fitsari ya kamata ya zo cikin awa 24. Kashi yana iya kai kwana 2 ko 3.

Abin dubawa a wannan dare shi ne dasashi. Ɗaga leɓe ka gani: ya kasance ja-ja mai haske. Danna da yatsa ka saki, farin da ya bayyana ya koma ja cikin daƙiƙa 2. Idan dasashi ya yi fari fat, ƙafafu da kunnuwa sun yi sanyi, numfashi yana sauri, ciki yana tasowa, dabbar ta kasa tashi, to jini ne ke zuba a ciki, wataƙila wani ɗauri ya zame. Ba a jiran gari ya waye.

Magani, da abin da ba a bayarwa

A ba da abin da likita ya rubuta kawai, a kan lokaci, har ya ƙare. Farasitamol, ko da Panadol guda ɗaya, yana iya kashe kyanwa: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ibufurofen da dikilofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Maganin zafin da ake ba dabbobi, irin su meloksikam, a bayar da shi tare da abinci, a kuma dakata a kira likita idan amai, gudawa ko baƙin kashi ya biyo baya.

Ɗinki mai tsabta ba ya bukatar a shafa masa komai. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da man shanu, ban da garin kafso. Dettol da Izal suna ƙona nama, kuma guba ne ga kyanwa idan ta lasa. Idan wurin ya ɓaci da ƙasa, a narka cokalin shayi ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a goge a hankali da auduga, a busar.

Lasa, tsalle da ƙuda

Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne ta jawo buɗewar ɗinki da yawa. Harshe yana jiƙa wurin, haƙori yana cire zare, kuma kare na iya warware ɗinkin ciki cikin mintuna. Abin wuya mai kama da mazurari da ake sayarwa a asibiti shi ne kariya, kuma dare da rana ake barinsa, kwana 10 zuwa 14. Ya wuce ƙarshen hanci da santimita 3 zuwa 5, in ba haka ba bakin zai kai wurin. A wuya kuma yatsu biyu su iya shiga. Idan ba a samu ba, ana fasa gindin bokitin roba mai sauƙi, a naɗe bakin yankan da tsumma, a huda ramuka a ɗaure shi da abin wuyan kare. Kwana ɗaya ko biyu zai yi ta karo da bango yana ƙin ci. A ɗaga masa kwanon a kan bulo, zai saba. Waɗanda ke cire abin don tausayi a rana ta uku, daidai lokacin da wurin ya fara ƙaiƙayi, su ne ke dawowa a sake ɗinki.

Gudu, tsalle, hawa katanga da kokawa da wani kare duk an hana har mako 2. Karen gadi ya huta da aikin dare. A fita da shi da igiya ya yi bukatarsa a dawo. Yawan motsi yana sa ruwa ya taru a ƙarƙashin ɗinki, kumburi mai laushi mara zafi, wanda sau da yawa yakan baje da kansa idan an huta. Amma kumburin da idan ka danna yake komawa ciki, ya sake fitowa, alama ce bangon ciki ya buɗe, a kai asibiti ranar. Idan har wani abu na ciki ya leƙo waje, kada a tura shi. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin nan, a naɗe cikin, a hana dabbar kai baki, a tafi nan take. A namijin kare kuma jakar maraina takan ɗan kumbura kamar ba a cire komai ba. Idan ta yi tauri, ta yi baƙi-baƙi, tana ƙaruwa, jini ne ya taru.

Ƙuda matsala ce ta musamman da damina. Yana yin ƙwai a wurin da ke da danshi, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga nama. Akwai kuma ƙudan da ke zuba ƙwai a yashi mai fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. Saboda haka wurin kwanciya ya zama busasshe, a share kullum, in da hali a sa raga. Muzurun da aka fiɗiye a canza masa yashin bayan gida da yagaggiyar takarda na kwana 5 zuwa 7, don yashi yana mannewa a wurin da ba a ɗinke ba.

A duba ɗinkin safe da yamma, a ɗauki hotonsa da waya kowace rana; da hoto ake gane ko jan yana raguwa ko yana yaɗuwa, kuma ana iya tura wa likita. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwana 2 ko 3 na farko daidai ne. Mugunya, wari, zafi a wurin, bakin ciwo ya rabu, zafin jiki sama da 39.5, amai fiye da sau biyu, ko ƙin abinci fiye da awa 24, duk dalilan komawa ne. Kyanwa musamman ba a barinta kwanaki ba ci, hantarta takan lalace.

Cire zare da abin da ke biyo baya

Zaren fata ana cire shi a asibiti tsakanin kwana 10 da 14. Idan na ɓoye aka yi mai narkewa, ba a cire komai amma a je a duba. Namijin kare yana iya yi wa karya ciki har makonni bayan fiɗiya saboda ragowar maniyyi a hanya, a raba su wata ɗaya zuwa mako 6. Fiɗiya tana rage yawon neman mace da faɗan muzurai da fitsarin alama, amma ba ta sa karen gadi ya daina haushi, kuma ba ta gyara kare mai cizo don tsoro. Bukatar abinci tana raguwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, don haka a rage kwano daga mako na uku, a riƙa shafa haƙarƙari. Idan sai ka danna da ƙarfi kake jin ƙashin, kitse ya fara yawa. Macen da aka cire wa mahaifa kuma ta sake nuna alamun neman barbara bayan watanni, wataƙila wani ɗan yanki na gidan ƙwai ne ya rage a ciki. A kai ta yayin da alamun ke nan, domin a lokacin ya fi sauƙin ganowa da cirewa.